Ɗanyen Sauti a Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi kan Samfura da Gano Mita

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi damun mai rubuta manhaja a ranar da ya fara buɗe fayil ɗin sauti don ya ga abin da ke ciki, ko ya so manhajarsa ta gane wane amo ne ke tashi. Shawara ɗaya za ta yi ta dawowa a cikin amsoshin, don ita ce ta fi kowace amfani: kafin ka amince da abin da manhajarka ta ce game da sautin da ba ka sani ba, ka gwada ta da sautin da kai ka ƙirƙira, wanda ka riga ka san amsarsa.

Me ke cikin ɗanyen sauti a zahiri?

Lambobi ne a jere, ba wani abu ba. Makirfo yana mayar da kaɗawar iska zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka. Wata 'yar na'ura a cikin kwamfuta ko waya tana auna wannan wutar sau dubbai a kowane sakan, ta rubuta kowane awo a matsayin lamba ɗaya. Wannan lambar ita ake kira samfur. Idan za a kunna sautin, sai a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ana tura fatar lasifika gaba da baya daidai da girman kowace. Sunan tsarin PCM, kuma wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, ne ya yi rajistar fasahar a Faransa a 1938, tun babu na'urorin da za su iya aiwatar da ita cikin sauƙi.

Abin da ya kamata ya zauna maka a rai shi ne abubuwan da lambobin ba su faɗa ba. Ba su faɗi sau nawa aka auna a sakan ba. Ba su faɗi bayit nawa ne samfur ɗaya ba, ko wane bayit ne ke gaba. Ba su faɗi layin sauti ɗaya ne ko biyu, wato hagu da dama, ba. Duk wannan yarjejeniya ce da ke waje da lambobin, kuma mafi yawan matsalolin da za ka gamu da su a makonninka na farko daga nan suke fitowa, ba daga lissafi ba.

Me ya sa ake ta maganar awo 44,100 a sakan? Daga ina wannan adadi ya fito?

Mita ita ce yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya, ana aunata da Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga wajen 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz, kuma iyakar ta sama tana raguwa da shekaru. Akwai ƙa'idar da ta ce in kana son adana sauti ba tare da ya gurɓata ba, dole yawan awonka a sakan ya wuce ninki biyu na mita mafi girma da ke cikinsa. Harry Nyquist ya share fagenta a 1928, Vladimir Kotelnikov ya rubuta ta a Rasha a 1933, Claude Shannon kuma ya tabbatar da ita a rubutunsa da ya fito a 1949. To ninki biyu na 20,000 shi ne 40,000, sai a ƙara ɗan sarari don matatar da za ta tare abin da ya haura.

Ainihin 44,100 kuwa gadon kaset ɗin bidiyo ne. A ƙarshen shekarun 1970 a kan kaset ɗin bidiyo ake adana sautin dijital, samfura uku a kowane layin hoto. A tsarin talabijin na Amurka da Japan, layuka 245, sau 60 a sakan, sau samfura 3, ya ba da 44,100. A tsarin Turai, layuka 294 sau 50 sau 3 ya sake ba da 44,100. Da Sony da Philips suka tsayar da ƙa'idar faifan CD a 1980, sai suka ɗauki wannan adadin. Harkar bidiyo da fina-finai ta tsaya a kan 48,000, wayar tarho ta gargajiya a kan 8,000, yawancin manhajojin gane magana kuma a kan 16,000.

Lissafin girma ba wuya: samfura 44,100, kowane bayit 2, layi 2, ya zama bayit 176,400 a sakan, wato sama da megabayit goma a minti guda.

Idan mitar sautin ta wuce rabin yawan awo, ɓacewa take yi?

Da ɓacewa take yi da an huta. Ɓad da kama take yi, ta dawo a matsayin wata mita ta ƙasa wadda ba ta taɓa kasancewa a sautin ba. In kana awo 8,000 a sakan, sautin 5,000 Hz zai bayyana a 3,000 Hz. In kana awo 44,100, sautin 30,000 Hz zai bayyana a 14,100 Hz. Irin abin da ke faruwa ne idan ka ga tayar mota a fim tana juyawa baya alhali motar gaba take yi: kamarar ba ta ɗaukar hoto da saurin da zai riski tayar. Da zarar hakan ta faru, babu lissafin da zai raba mitar ƙarya da ta gaskiya, domin lambobinsu iri ɗaya ne sak.

Na'urar ɗaukar sauti tana da matatarta, don haka ba a can za ka gamu da wannan ba. A cikin kod ɗinka za ka gamu da shi, ta hanya biyu. Ta farko ita ce rage yawan awo ta hanyar tsallake samfura, misali ka mayar da 48,000 zuwa 16,000 ta ɗaukar ɗaya cikin uku kawai. Duk abin da ke sama da 8,000 Hz zai naɗo ya zuba cikin sautinka. Dole a tace tukuna sannan a tsallake, kuma kayan aiki irin su SoX da FFmpeg da libsamplerate suna yin haka yadda ya kamata. Ta biyu ita ce ƙirƙirar igiyar sauti mai kusurwa, kamar wadda ke tsalle daga ƙasa zuwa sama kai tsaye. Irin wannan igiyar tana ɗauke da ninkokin mita marasa iyaka, sai waɗanda suka haura rabi su dawo suna wani shewa marar daɗi a ƙarƙashin amon.

Bit 16, bit 24, ko lambobi masu ɗigo: wanne zan ɗauka?

Bit 16 yana ba ka daga −32,768 zuwa 32,767. Desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne. Kowane bit yana ƙara wajen desibel 6 tsakanin sauti mafi ƙarfi da ƙurar da ke ƙasa, don haka bit 16 ya ba da wajen desibel 96, bit 24 kuma wajen 144. Don sauraro, 16 ya wadatar. Don ɗauka, 24 ya fi, saboda kana iya barin sarari mai yawa a sama ba tare da tsoron sauti ya daki rufi ba.

Don lissafi kuwa, ra'ayina a nan ba ya rawa: da ka karanta samfuran, ka raba su da 32,768 su koma lambobi masu ɗigo tsakanin −1 da 1, ka yi duk aikinka a haka, sai a ƙarshe ka mayar. Dalili shi ne ambaliya. In ka haɗa 30,000 da 30,000 a cikin bit 16, ba 60,000 za ka samu ba, −5,536 za ka samu, kuma a kunne wannan tsagewa ce mai firgitarwa. Ko neman girman −32,768 ba tare da alamarsa ba yana ambaliya, tunda babu 32,768 a ɓangaren sama. Lokacin mayarwa kuma, ka datse duk abin da ya haura 1 ko ya gaza −1 kafin ka ninka, kada ya kewayo ta ɗaya gefen.

Na karanta fayil na kunna, sai shuuu kawai nake ji. Me ya faru?

Irin ɓarnar ita ke nuna mai laifin, don haka ka saurara da kyau, amma ka rage ƙarar lasifika tukuna, musamman in abin ji yana kunnenka.

In shuuu ce zalla mai ƙarfi, babu alamar asalin sautin, to mai yiwuwa jerin bayit ne ya juye, ko kuma ka fara karatu daga tsakiyar samfur, ka goce da bayit ɗaya. Fayil ɗin WAV yana sa ƙaramin bayit a gaba, AIFF na Apple kuma babba yake sawa a gaba. In kana jin sautin amma a murɗe ƙwarai, duba alama: a WAV, bit 8 ba shi da lambobin ƙasa da sifili, daga 0 zuwa 255 yake, shiru kuma 128 ne, alhali bit 16 shirunsa sifili ne. Bit 24 yana zuwa a bayit uku-uku, kuma sai ka miƙa alamar debewa da kanka zuwa bayit na huɗu. In murya ta yi kauri ta yi nauyi har sautin ya ninka tsawonsa, ka ɗauki sitiriyo a matsayin layi ɗaya ne, domin samfuran a saƙe suke: hagu, dama, hagu, dama. In kuwa sauyin kaɗan ne, to yawan awo ne bai dace ba. Fayil ɗin 48,000 da aka kunna a 44,100 zai sauke amon 440 Hz zuwa wajen 404 Hz.

Manhajar Audacity tana da hanyar shigo da ɗanyen fayil inda kai za ka zaɓi duk waɗannan da hannu. Minti biyar a can kana sauya zaɓi kana kallon igiyar ya fi awa guda kana zargin kod.

Gaskiya ne cewa in na tsallake bayit 44 na farkon WAV sai in tarar da samfura?

Sau da yawa haka ne, kuma shi ya sa wannan kuskuren ya daɗe yana yawo. Microsoft da IBM suka fito da WAV a 1991, kuma tsarinsa ƙunshi-ƙunshi ne: kowane ƙunshi yana da suna mai haruffa huɗu, sai girmansa, sai abin da ke ciki. Ƙunshin `fmt ` yana faɗin yawan awo da bit da layuka, ƙunshin `data` yana ɗauke da samfuran. Goshi mafi sauƙi bayit 44 ne, amma manhajoji da yawa suna cusa ƙunshin `LIST` mai bayanin fayil kafin `data`, wasu kuma `fmt ` ɗinsu ya fi tsawo. Sai ka kunna haruffa a matsayin sauti, ka ji ƙas a farko, ko duk karatun ya goce. Ka bi ƙunshin ɗaya bayan ɗaya har ka iske `data`, ka tuna cewa ƙunshi mai girman mara ana ƙara masa bayit ɗaya na ciko. Ko kuma ka bar wa laburaren libsndfile wannan aikin.

Yaya zan ƙirƙiri sautin gwaji da kaina?

Igiyar sayin ita ce sauti mafi tsabta, mita ɗaya tak. Samfur na n shi ne sayin na 2π sau mita sau n, a raba da yawan awo. A Python da laburarenta na lissafi, NumPy, layi uku ne:

```
awo = 44100
n = np.arange(awo)
sauti = 0.5 * np.sin(2 * np.pi * 440 * n / awo)
```

Wannan sakan ɗaya ne na 440 Hz, amon da mawaƙa ke daidaita kayan kiɗa da shi. Ka adana shi, ka saurare shi, sannan ka ba manhajarka. In ba ta ce 440 ba, ka san ba makirfo ba ne, ba ɗakin ba ne, ba fayil ba ne. Daga nan ka haɗa biyu, ka ƙara hayaniya kaɗan, ka gwada mita ta kusa da rabin awo. Duk gyaran da ka yi wa kod daga baya, ka sake bi ta kan waɗannan.

In kana fitar da sautin guntu-guntu kana jin ƙas-ƙas a tsakani, n ne kake mayarwa sifili a farkon kowane guntu, sai igiyar ta karye. Ka riƙe kusurwar da ka tsaya, guntu na gaba ya ɗora daga nan.

Mene ne FFT, kuma me yake yi wa samfuran?

Joseph Fourier ya gabatar wa masana a Faransa a 1807 cewa ana iya rubuta kowace igiya a matsayin tarin igiyoyin sayin masu mita daban-daban. Zafi yake nazari a lokacin, ba sauti ba. Aikin da ake yi wa samfura shi ne juyin wannan: ka ba da samfura N, a mayar maka da lambobi N masu faɗin yawan kowace mita a cikinsu. Yadda ake yi kuwa, ana ninka sautin da igiyar gwaji ta wata mita, samfur da samfur, a tara. In sautin yana ɗauke da wannan mitar, suna hawa tare suna sauka tare, jimla ta yi girma. In babu, abin da ya hau da abin da ya sauka su cinye juna. Ana yin haka da sayin da kosayin duka, don a kama igiyar ko daga ina ta faro.

In ka bi wannan hanyar kai tsaye, aikin N sau N ne. FFT dabara ce ta samun amsa iri ɗaya sak da aiki kaɗan, ta hanyar raba samfuran gida biyu, a sake raba kowane gida, har ƙasa. Ga samfura 4,096, hanyar kai tsaye tana cin ninki kusan miliyan 17, FFT kuma wajen dubu 49. James Cooley da John Tukey suka wallafa ta a 1965, daga baya aka gano Carl Friedrich Gauss ya riga ya yi irinta wajen 1805 yana lissafin falakin duwatsun sama Pallas da Juno, amma ba a buga aikin ba sai bayan rasuwarsa.

Na sami sakamakon FFT. Yaya zan mayar da shi Hz?

Kowace lamba a sakamakon gurbi ce, kuma gurbi na k yana wakiltar k sau yawan awo, a raba da N. Da awo 44,100 da N 1,024, tazarar gurbi da gurbi wajen 43 Hz ce. Gurbi na sifili ba amo ba ne, matsakaicin samfuran ne. In ya yi girma, sautinka ya ɗan tashi daga sifili, sai ka debe matsakaicin kafin komai.

Rabin sakamakon na sama madubin na ƙasa ne muddin samfuranka lambobi ne na zahiri, don haka gurabe daga 0 zuwa rabin N kawai kake buƙata. `rfft` na NumPy waɗannan kaɗai yake bayarwa. Kowane gurbi kuma ɓangare biyu gare shi, na kosayin da na sayin. Kada ka zana ɓangare ɗaya ka yar da ɗayan. Ƙarfin mitar shi ne ka ninka kowane ɓangare da kansa, ka haɗa, ka ɗauki tushen jimlar. Igiya mai girman A da ta faɗa daidai kan gurbi tana ba da A sau rabin N a yawancin laburare, don haka sai ka raba kafin lambar ta yi ma'ana. A ƙarshe ka mayar desibel, wato 20 sau logaridim, ka ɗan ƙara wata ƙanƙanuwar lamba don kada sifili ya tarwatsa lissafin. Ba tare da desibel ba, tsauni ɗaya za ka gani, duk sauran abin da kunne ke ji ya kwanta a ƙasa kamar babu.

Wane girman N ya fi?

Babu wanda ya fi, ciniki ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta cancanci ka zauna a kanta. Samfura 1,024 a awo 44,100 milisakan 23 ne na sauti, gurabensu 43 Hz. Samfura 4,096 milisakan 93 ne, gurabensu ƙasa da 11 Hz. In ka tsawaita, ka san mitar da kyau amma ba ka san takamaiman lokacin da ta faru ba. In ka gajarta, ka san lokacin amma mitar ta dushe. Tazarar gurbi ita ce ɗaya a raba da tsawon lokacin da ka saurara: don ka raba amo biyu da ke da tazarar 1 Hz, sai ka saurari aƙalla sakan guda. Wannan ba gazawar kwamfuta ba ce, halin igiya ne, kuma ƙara yawan awo ba ya sauya shi. In ka ninka awo zuwa 88,200 ka bar N yadda yake, guraben ma faɗi za su ƙara.

Saboda haka ka fara da tambayar abin da kake nema. Amon ƙasa na jita 82.4 Hz ne, wanda ke bi masa 87.3 Hz, tazarar ba ta kai 5 Hz ba, gurbi mai faɗin 43 Hz ba zai ga bambancinsu ba. A sama kuwa, daga 440 zuwa amo na gaba 26 Hz ne, tunda kowane mataki ninki ne na wajen 1.059, ba ƙari ba. Mai neman bugun ganga gajeren guntu yake so. Masu aikin magana sun daɗe da tsayawa a guntun milisakan 25, ana matsawa milisakan 10 kowane karo, domin a wannan ɗan lokacin bakin mai magana bai sauya siffa sosai ba. In ka jera sakamakon guntaye a gefen juna, lokaci a kwance, mita a tsaye, ƙarfi a launi, ka sami hoton sauti da ake kira sifektogiram. Ka saba da kallonsa, yana nuna abin da zanen guntu ɗaya ba zai taɓa nunawa ba.

Sayin ɗaya tak na saka, me ya sa na ga ya malale a gurabe da yawa?

Saboda mitarka ba ta faɗa daidai kan gurbi ba. Da awo 44,100 da N 1,024, gurbi na 23 yana 990.5 Hz, na 24 yana 1,033.6 Hz. Sautin 1,000 Hz yana tsakani. FFT yana ɗaukar guntunka kamar abin da ke maimaita kansa har abada, ƙarshensa manne da farkonsa. In igiyar ba ta kammala zagayenta a ƙarshen guntun ba, wurin mannewar ya zama tsalle, tsalle kuma yana ɗauke da mitoci barkatai.

Maganin shi ne taga: ka ninka guntun da wata siffa da ke farawa daga sifili, ta hau a tsakiya, ta sauko sifili, sai tsallen ya ɓace. Ba tare da taga ba, malalar farko a gefen tsauni desibel 13 kawai take ƙasa da shi, wanda ya isa ya binne ƙaramin amo da ke kusa. Tagar Hann, mai sunan masanin yanayi ɗan Ostiriya Julius von Hann, tana kai ta wajen desibel 31 ƙasa, kuma tana ci gaba da faɗuwa da sauri. Ta Hamming wajen 43, ta Blackman wajen 58. Abin da ka biya shi ne tsaunin ya ƙara faɗi. In ba ka da dalilin zaɓar wata, ɗauki Hann. Ka tuna tana rage ƙarfin da rabi, don haka wajen daidaitawa ka raba da jimlar tagar maimakon N.

In na cika guntun da sifili ya yi tsawo, na sami ƙarin bayani?

A'a. Zanen zai yi santsi, kuma za ka fi ganin inda ƙololuwa take, amma amo biyu da suka narke cikin juna ba za su rabu ba. Sauraro mai tsawo ne kaɗai ke raba su. In amo ɗaya ne kuma kana son mitarsa daidai, akwai hanya mai arha: ka ɗauki gurbi mafi tsayi da maƙwabtansa biyu a desibel, a da b da c, gocewar ƙololuwa daga na tsakiya ita ce rabin (a − c) a raba da (a − 2b + c).

Ina son gano amon murya ko na kayan kiɗa. Ba gurbi mafi tsayi zan ɗauka ba?

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Murya da kayan kiɗa ba mita ɗaya suke fitarwa ba. Akwai uwar mita, sai ninkokinta: biyu, uku, huɗu, har sama. Amon da kunne ke ji na uwar ne, amma ba dole ita ce ta fi ƙarfi ba. Sau da yawa ninki na biyu ko na uku ne ya fi tsayi, sai manhajarka ta riƙa tsalle tsakanin 110 da 220 da 330. Wani lokaci ma uwar ba ta nan gaba ɗaya. Wayar tarho ta gargajiya tana wuce daga wajen 300 zuwa 3,400 Hz ne kawai, muryar namiji baligi kuma uwarta tana tsakanin wajen 85 da 180 Hz, amma duk da haka kana jin kaurin muryarsa a waya, domin ƙwaƙwalwa tana gano uwar daga tazarar ninkokin.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka nemi tsawon maimaituwa maimakon tsauni. Ka kwafi guntun, ka zame shi kaɗan-kaɗan a kan kansa, ka ga a wace zamiya ya fi kama da kansa. Murya mai 100 Hz a awo 16,000 za ta dace da kanta bayan samfura 160. Dabarar YIN, wadda Alain de Cheveigné da Hideki Kawahara suka wallafa a 2002, gyararren wannan tunani ne, kuma har yau da ita ake fara gwaji. Ka sa mata iyaka ta sama da ta ƙasa, ka kuma koya wa manhajar ta ce babu amo a nan idan shiru ne ko sautin "s" da "sh", waɗanda ba su da uwar mita sam. Amo da yawa a lokaci guda kuwa wani babi ne mai wuya, wannan hanyar ba za ta fitar da kai ba.

Mitoci kaɗan kawai nake nema, dole sai FFT?

Ba dole ba. Dabarar Gerald Goertzel ta 1958 tana lissafa gurbi ɗaya da 'yan layukan kod, samfur bayan samfur, ba tare da ajiye guntun duka ba. Da ita ake gane maɓallan tarho, inda kowane maɓalli haɗin mita biyu ne: lamba 5, misali, 770 Hz ce da 1,336 Hz. Ga ƙaramar na'ura marar ƙwaƙwalwa mai yawa, ita ce zaɓi.

Zan iya cire hayaniya ta hanyar mayar da wasu gurabe sifili sannan in juya FFT baya?

Za ka iya, amma sakamakon ba zai yi daɗin ji ba. Yanke gurabe kai tsaye yana haifar da wani amsa-kuwwa kafin kowane bugu da bayansa, kuma wutsiyar guntun tana naɗowa ta shiga farkonsa, sai ka ji ƙas a kowace mahaɗa. In har ta wannan hanya za ka bi, guntayen su hau kan juna, da taga, sannan a tara su. Tagar Hann da ke hawa rabi-rabi tana taruwa ta ba da ɗaya daidai. Sauyin da kake yi wa gurabe kuma ya zama a hankali, ba gangare mai tsini ba.

Ga yawancin buƙatu, ƙaramar matata da ke aiki kan samfuran kai tsaye ta fi sauƙi kuma ta fi tsabta. Gurnanin wutar lantarki, wanda yake 50 Hz a Turai da Afirka da yawancin Asiya, 60 Hz a Arewacin Amurka, siririyar matata ce ke cire shi, sai dai ka duba ninkokinsa ma, don sau da yawa su ne suka fi damun kunne.

Manhajata tana aiki da fayil, amma da makirfo kai tsaye sai ta riƙa sarƙewa.

Katin sauti ba ya jira. Yana miƙo maka guntu, misali samfura 512, wanda a awo 48,000 bai kai milisakan 11 ba, kuma kafin wannan lokacin ya cika dole ka gama. In ka makara sau ɗaya, an ji. Don haka a cikin aikin da katin ke kira kada ka buɗe fayil, kada ka nemi sabon wuri a ƙwaƙwalwa, kada ka rubuta a allo, kada ka jira wani zaren aiki ya sakar maka makulli. Ka kwashe samfuran ka zuba a ma'aji mai kewayawa, wani zaren daban ya ɗiba ya yi FFT da zane. Girman guntun katin kuma ba shi ne N ɗinka ba: kana iya karɓar 256-256 kana nazarin 4,096 na baya-bayan nan.

In rubuta FFT da kaina ko in ɗauki na wasu?

Ka rubuta hanyar kai tsaye sau ɗaya, madauki biyu ne, don ka ga da idonka yadda ninkawa da tarawa ke fito da mita. Bayan haka ka ɗauki laburare. FFTW, wanda Matteo Frigo da Steven Johnson suka rubuta a jami'ar MIT ta Amurka, yana da sauri ƙwarai, amma ka karanta lasisinsa na GPL kafin ka sa shi a abin sayarwa. KissFFT ƙarami ne mai sauƙin ɗauka. NumPy da SciPy sun wadatar a Python, burauza kuma tana da `AnalyserNode`. Laburaren zamani ba sa tilasta maka N ya zama ninkin biyu-biyu kamar 1,024, ko da yake `AnalyserNode` yana tilastawa. Inda suka saɓa wa juna shi ne wurin da suke raba sakamako da N: FFTW ba ya rabawa ko kaɗan, NumPy kuma a juyin baya yake rabawa. Sautin gwajinka mai girman 0.5 zai nuna maka wanne ne a gabanka.

MP3 fa? Zan iya karanta samfuransa haka nan?

A'a, abin da ke cikin MP3 da AAC da Opus ba samfura ba ne, bayanin mitoci ne da aka matse bayan an zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. Sai ka warware shi ya koma PCM tukuna, FFmpeg yana yi da umarni ɗaya. Ka sa ran ganin tabon matsewar a sifektogiram: MP3 mai ƙaramin inganci yakan yanke duk abin da ke sama da wajen 16,000 Hz, kuma akan sami ɗan shiru da aka ƙara a farkon fayil, wanda zai gusar da lissafin lokacinka in kana gwama shi da asalin. In kai ne mai ɗaukar sautin da za a yi nazari a kansa, ka adana shi a WAV ko FLAC tun farko, domin FLAC yana rage girma amma yana mayar da kowane samfur yadda yake.